Tunda Komai Ya Hau Intanet, Mene Ne Amfanin Ajiye Busasshen Laikin a Ambulan?

A watan Fabrairun 2024 Jami'ar Duke da ke jihar North Carolina a Amurka ta sanar da cewa za ta rufe ma'adanar busassun tsirranta, ta miƙa abin da ke ciki ga wasu cibiyoyi cikin shekara biyu zuwa uku. Ma'adanar ta haura shekara ɗari da kafuwa, tana ɗauke da samfura kimanin 825,000. Nan take masana suka yi ca, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, manyan jaridun ƙasar suka ɗauki labarin. Cikin abubuwan da aka fi jin zafinsu har da tarin laikin da ke wurin, wato tabo-tabon nan da ke fitowa a jikin itatuwa da duwatsu, tarin da yake sahun gaba a duk faɗin Amurka.

Wanda ya ji labarin daga nesa yakan yi tambayar da ta dace: ai an ce ana ɗaukar hotunan irin waɗannan samfura, ana zuba bayanansu a intanet, kowa na iya dubawa daga wayarsa. To me ya rage a tsohuwar takarda da ɓallin ɓawon itace da har za a tayar da jijiyar wuya a kai? Kafin a amsa sai an san shi kansa laikin ɗin, an ga irin shaidar da samfurinsa ke bayarwa, an kuma ga inda shaidar ke da rauni.

Mene ne laikin?

Duk wanda ya taɓa ƙura wa jikin tsohon icen mangwaro ido a wuri mai laima, ko ya zauna a kan falalen dutse, ya ga wasu tabo-tabo ruwan toka, ko kore-kore, ko ruwan ɗorawa. Wasu sun manne ƙam, ba sa fita sai an kankare da wuƙa. Wasu suna da faɗi, gefensu a lanƙwashe, ana iya ɗaga su da farce. A tsaunuka masu hazo kuwa akwai masu zare-zare da ke reto daga rassa. Galibinmu gansakuka muke ce musu duka, mu wuce.

Laikin halittu biyu ne a jiki ɗaya. Na farko naman gwari ne, dangin naman kaza da fumfuna, shi ke gina jikin, ya riƙe ruwa, ya tare zafin rana. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka, ko wata irin bakteriya mai launi, su ke sarrafa abinci daga hasken rana su ciyar da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fito da wannan bayani a 1867, manyan masanan fannin na lokacin suka ƙi yarda, wasu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su karɓa ba. A 2016 kuma Toby Spribille da abokan aikinsa suka nuna cewa a fatar wasu nau'o'in akwai wani yis da ke zaune, ba a san da shi ba. An san nau'o'i kusan 20,000, kuma sunan kimiyyar da ake ba kowanne na naman gwarin ne.

Abin da ya sa wannan halitta ta shiga maganar lafiyar jama'a shi ne ba ta da saiwa, ba ta kuma da wata fata da za ta rufe idan iska ta ɓaci. Ruwanta da gishirinta daga sama suke zuwa, daga raɓa da ruwan sama da ƙura. Duk abin da iska ta ɗauko, mai kyau da marar kyau, jikinta yake shiga ya zauna. Girmanta kuma a hankali ne ƙwarai, wasu nau'o'in da ke kan dutse ba sa ƙara milimita ɗaya a shekara. Saboda haka ɗan guntun da aka ɓantaro yana ɗauke da tarihin iskar wurin na shekaru.

Abin da ke cikin ambulan ɗin

Ganye da fure ana danne su ne a manna a faffaɗar takarda. Laikin kuwa a ambulan ake sa shi, takarda ce da aka naɗe baki uku, faɗinta bai wuce tafin hannu da yatsu ba. In ka buɗe za ka tarar da ɗan kati, a kansa an liƙa ɓallin ɓawo ko tsagin dutse da aka saro da kurfi, laikin na manne a jiki yadda aka same shi. Wani lokaci an lulluɓe shi da takarda mai laushi don kada ya goge. A fuskar ambulan akwai takardar bayani: sunan da mai tattarawa ya ba shi, garin ko dajin da aka samo shi, a kan wace bishiya ko wane irin dutse, ranar da aka ɗebo, sunan wanda ya ɗebo da lambarsa. Tsofaffin an rubuta su da alƙalami, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Sau da yawa za ka ga wata 'yar takarda a ciki, wani masani da ya zo bayan shekara hamsin ya rubuta cewa ya duba, sunan ba haka yake ba, ga na daidai, ya sa hannu da kwanan wata.

Abu uku ne suka haɗu suka zama abin da ake kira bayanin samfur: wuri, lokaci, da abin kansa. Biyun farko su ake iya kwafewa a zuba a kwamfuta. Na ukun yana nan a cikin durowa.

Akwai kuma samfuri na musamman da ake kira na asali, wato ainihin wanda aka duba aka raɗa wa wani nau'i suna. Duk gardamar da ta taso kan ko wannan nau'in ne ko wancan, wurinsa ake komawa. Tarin Erik Acharius, ɗan Suwidin da ya rasu a 1819 wanda ake ɗauka uban wannan fanni, da na William Nylander da ya rasu a 1899, suna ajiye a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Har gobe masu bincike daga ko'ina suna komawa kansu. Rajistar ma'adanan duniya da Lambun Tsirrai na New York ke riƙe da ita ta lissafa ma'adanai sama da 3,000 masu aiki, da samfura kusan miliyan 400.

Laikin da hayaƙin kwal ya yi wa reno

Misalin da ya fi fito da amfanin waɗannan ambulan fili shi ne na wani nau'i mai suna Lecanora conizaeoides. Ba shi da wani kyan gani. Ɓawo ne ruwan toka mai sirkin kore, gari-gari, da 'yan ƙananan faifai a kansa waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai. A tsakiyar ƙarni na 20 ya mamaye itatuwa da shingayen katako a yawancin Ingila, har a wurare da dama shi kaɗai ake gani a jikin bishiya. Yaron da ya tashi a lokacin zai rantse cewa haka jikin itace yake tun fil azal.

Ma'adanai suka ce a'a. Ingila ta yi masu tattara laikin na gaske tun ƙarshen ƙarni na 18, irin su Dawson Turner da William Borrer, mutanen da ba sa raina ko da ɗan tabo a jikin itace. Da aka bi tsofaffin tarin ƙasar ba a sami wannan nau'i ba sai daga wajejen 1860, sunansa ma sai a 1885 aka raɗa. Abin da ya cika ƙasa a 1950 da wuya a ce ya kuɓuce wa idon waɗancan mutane in da yana ko'ina a zamaninsu. A ɗaya gefen kuma tsofaffin ambulan sun nuna nau'o'i masu faɗi da masu zare da aka ɗebo a wurare irin dajin Epping da ke gefen Landan, waɗanda daga baya aka neme su a wurin aka rasa.

Dalilin kwal ne. Masana'antu da murahun gidaje suna ƙona shi, yana fitar da iskar salfa, wato tururin farar wuta. Wannan iska tana kashe ƙwayoyin gansakukar da ke cikin yawancin laikin, tana kuma mayar da ɓawon itace mai tsami. Lecanora conizaeoides kuwa tsamin yake so. Da abokan takara suka mutu sai fili ya zama nasa.

Nylander ya riga ya hango haka a birnin Paris. A 1866 ya lissafa laikin da ke lambun Luxembourg a tsakiyar birnin, ya ce waɗannan halittu ma'auni ne na lafiyar iska. Bayan shekara talatin suka ɓace daga itatuwan lambun, ba a sake ganin sun dawo ba sai wajejen 1990. A Landan abin ya kai maƙura a watan Disambar 1952, lokacin da hazon hayaƙi ya rufe birnin kwana biyar. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. A 1970 David Hawksworth da Francis Rose suka fitar da ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 10 domin Ingila da Wales: ka duba nau'o'in da ke jikin bishiya, ka ƙiyasta yawan iskar salfa a wurin. A hawa na ƙasa jikin itace fayau yake, sama kaɗan Lecanora conizaeoides ke mulki, can ƙololuwa kuma sai irin su Lobaria pulmonaria da ba sa jure wannan iska ko kaɗan. Har 'yan makaranta aka sa suka yi wannan ƙidaya a faɗin ƙasar a farkon shekarun 1970.

Daga nan labarin ya juya. Da aka rage ƙona kwal, iskar salfa ta faɗi, sai wannan nau'i ya fara ja da baya, yau a wurare da yawa na Ingila sai an sha wahala kafin a same shi. Wanda ya duba jadawali kawai ya ga wani nau'i yana ɓacewa zai ɗauka masifa ce. Wanda ya bi samfuran tun daga 1860 ya san cewa ɓacewarsa alamar sauƙi ce ga huhun mutane. Sai dai waɗanda suka maye gurbinsa ba duka ne na da ba. Wanda ya fi yaɗuwa yanzu shi ne Xanthoria parietina mai ruwan ɗorawa, shi kuma amoniya yake so, wadda ke tashi daga takin zamani da garken dabbobi, da sauran sinadaran naitirojin na hayaƙin mota. Gurɓatar ta sauya iri, kuma jikin itace ya nuna.

Abin da hoto ba ya iya yi

Nau'o'in laikin da yawa kamanninsu ɗaya a ido, sinadaran cikinsu ne suka bambanta, kuma an san irin waɗannan sinadarai sama da 1,000. Tun shekarun 1860 Nylander ya fara gwajin ɗigo. Ana ɗaukar wani ruwa da suke kira K a taƙaice, ɗan'uwan sodar da ake sabulu da ita, a ɗiga ɗan mitsitsi a gefen samfurin. In Xanthoria parietina ne, ruwan ɗorawar nan take yake rikiɗa ya koma ja mai duhu, kana kallo. Wasu nau'o'in da ruwan bilic ake gwada su, su yi ja na ɗan lokaci ya dushe. Wannan gwaji yana aiki a samfurin da ya shekara ɗari kamar yadda yake yi a na jiya. Hanyar da ta fi wannan zurfi, wadda ake jiƙa ɗan guntu a ware sinadaransa a kan faranti, Chicita Culberson ce ta daidaita ta a farkon shekarun 1970, kuma a Jami'ar Duke ta yi aikin tare da mijinta William Culberson. Shi ya sa labarin rufe wannan ma'adana ya fi sosa ran masu wannan fanni.

Ba a ɗiga ruwa a kan hoto. Ba a kuma auna dalma a cikinsa. A wani ɗan tsibiri mai suna Plummers a kogin Potomac, kusa da birnin Washington, masana sun daɗe suna ɗibar laikin tun farkon ƙarni na 20. A farkon shekarun 1960 aka gina gadar babbar hanya ta bi ta kan wurin. James Lawrey da Mason Hale suka ɗauko tsofaffin samfura suka gwada da sababbi, suka ga yadda dalma ta yi tashin gwauron zabo a jikinsu bayan motoci masu shan fetur mai dalma sun fara ratsawa, daga baya kuma ta sauka da aka daina zuba ta a fetur. Wanda ya ɗebi samfurin farko bai san za a yi gada ba, bai san za a ƙirƙiro na'urar awon ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Haka batun ƙwayoyin gado na DNA. A laikin suna saurin lalacewa, shekaru kaɗan ake samun matsala, amma sababbin na'urori sun fara karanta su daga samfuran da suka haura shekara ɗari. Amfanin wannan ya fito a wani nau'i na tsaunukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da aka daɗe ana kira Dictyonema glabratum. A 2014 Robert Lücking da tawagarsa suka nuna cewa abin da ake ɗauka nau'i ɗaya ne ya ƙunshi aƙalla 126. Duk bayanin da ke kwamfuta da wancan tsohon suna ya zama abin sake dubawa, kuma wanda ke da samfuri a durowa ne kaɗai za a iya gyarawa. Wanda aka rubuta "na gani" kawai ya tafi ke nan.

Inda bayanan ke yaudara

Ba daidai ba ne a ɗauka duk ɗigon da ke kan taswira gaskiya ne tsantsa. Babbar rumbun irin waɗannan bayanai ita ce GBIF, wadda aka kafa a 2001, hedikwatarta a Kopenhagen ta ƙasar Denmak. Tana da bayanai sama da biliyan biyu, amma mafi yawansu rahoton gani ne, musamman na masu kallon tsuntsaye. Masu samfuri a bayansu kaso ne ƙarami.

Ko masu samfurin ma suna da nasu ciwon. Na farko suna. A 2015 masana daga Jami'ar Oxford da Lambun Tsirrai na Edinburgh suka bi samfura 4,500 na Aframomum, dangin citta mai 'ya'ya, a ma'adanai 40 na ƙasashe 21. Kashi 58 cikin ɗari suna ɗauke da sunan da ba daidai ba kafin a yi musu gyara. Wannan tsiro ne mai ganye da fure da kowa ke iya gani. Ina ga ɓawon da sai an yanka shi an sa a madubin bincike kafin a gane shi?

Na biyu wuri. Tsohon bayani yakan ce "kusa da kogi, tafiyar yini biyu daga gari kaza". Mai shigar da shi kwamfuta sai ya ƙiyasta, wani lokaci ya dasa ɗigon a tsakiyar ƙasar baki ɗaya. In aka bar gurbin lambobin taswira babu komai, wasu manhajoji sifili biyu suke sawa, wurin da sifili biyu suka haɗu kuwa cikin teku ne, kudu da gaɓar Ghana. Ba sau ɗaya ba an ga tsirran tudu jibge a wannan wuri a taswira.

Na uku, kuma shi ne ya fi yi mini nauyi, shi ne fahimtar gurbin da babu ɗigo. Bincike ya nuna masu tattarawa sun fi bin gefen hanya da kewayen jami'o'i da wuraren da ke da sauƙin zuwa. Taswirar samfura tana nuna inda masana suka taka ne kafin ta nuna inda halittar take. Hujjar Ingila ta tsaya da ƙafarta domin an san ƙasar ta sha tattarawa tun kafin 1860, saboda haka rashin samun nau'in yana da ma'ana. A ƙasar da ba a taɓa dubawa ba, rashin bayani ba ya tabbatar da komai. Sannan akwai tarkon awo: tsofaffin ma'adanai da yawa sun yi amfani da maganin ƙwari mai zaiba, don haka wanda ya auna zaiba a irin waɗannan samfura zai iya auna maganin ne, ba iskar da ba.

Hujjar jami'a da hujjar masana

Hukumar Duke ta ce kuɗi ne matsalar. Ginin yana buƙatar gyara, ana buƙatar ma'aikata na dindindin, ta ƙiyasta abin zai ci kusan dala miliyan 25, kuma tana ganin gara a kai samfuran inda za a fi kula da su. Wannan magana ba ta banza ba ce. Ma'adana tana cin fili da kabad na ƙarfe da sanyaya ɗaki da yaƙi da ƙwari, ba ta kuma kawo kuɗin shiga. An sha ganin tarin da aka yi watsi da shi a wata jami'a ya tsira saboda an mayar da shi babbar cibiya.

Masana suka ce ba a raba tari da mutanen da suka san shi. Ɗalibin da zai koyi gane laikin a gaban durowa yake koya, kusa da malamin da zai ce masa sake dubawa. Cibiyoyin da za su karɓa su ma a cike suke, kaya na iya shekaru a kwali ba mai iya taɓawa. Ga kuma haɗarin tara komai a wurare ƙalilan. A daren 1 ga Maris 1943 bama-bamai suka faɗa kan ma'adanar Berlin, mafi yawan samfuranta kusan miliyan huɗu suka ƙone. A cikinsu akwai samfuran asali masu yawa daga Kamaru da Togo da gabashin Afirka, wuraren da Jamus ta yi wa mulkin mallaka. Abin da ya ceci wasu sunayen shi ne kwafin da aka riga aka aika wa wasu ma'adanai.

A ganina masu cewa intanet ta wadatar sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Zuba bayanai a intanet alheri ne babba, shi ke sa ɗalibi a Zariya ko Yamai ya san abin da ke durowar Helsinki ba tare da biza ba. Amma aikinsa irin na rajistar filaye ne: tana gaya maka fili yana nan da iyakarsa, in rigima ta tashi kuwa sai an je an taka filin. Jami'ar da ta ce ba za ta iya riƙewa ba tana da haƙƙin faɗar haka, amma bai kamata kowa ya fake da hotuna ya ce ba a rasa komai ba.

Ina abin ya shafe mu?

Laikin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Takardar litmos da ɗaliban sakandare ke tsomawa a asid ta koma ja, launinta daga laikin ake samo shi, musamman dangin Roccella. Wani nau'i mai suna Evernia prunastri yana cikin kayan haɗin turaruka masu tsada. A Indiya ana zuba wani a girki. A arewacin Suwidin da Norwe kuwa, bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, laikin ya shanye ƙurar nukiliyar, barewar ƙanƙara da al'ummar Sami ke kiwo ta ci, aka hana sayar da naman dabbobi masu ɗimbin yawa. Makiyayi ya san abin da wannan ke nufi.

Amma babban abin shi ne iska. Tun ƙarshen 2016 mazauna Fatakwal suke kukan baƙin toka da ke sauka a kan kayansu da cikin hancinsu. A Kano akwai unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, ga hayaƙin janareto da na a-daidaita-sahu. Na'urorin awon iska masu dogon tarihi ƙalilan ne a wannan yanki. Duk ranar da aka tashi tambayar yaya iskar wuri kaza take shekara arba'in da suka wuce, a gaban hukuma ko a gaban kotu, samfurin da aka ɗebo a lokacin aka rubuta masa rana da wuri yana cikin 'yan abubuwan da za su iya amsawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da aka fi ƙarancin tattara laikinsu. Gabashin nahiyar ya samu cikakken jagora kan manyan nau'o'insa tun 1988 daga Dougal Swinscow da Hildur Krog. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya tabbatar da abin da aka daɗe ana faɗa, cewa ƙasashen da suka fi yawan nau'o'in tsirrai ba su ne ke riƙe da yawancin samfuran ba, suna Turai da Amurka tun zamanin mulkin mallaka. Muna da namu ma'adanan: ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1942 tana da samfura sama da 100,000, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ta ƙasa a Yawunde. Ƙarfinsu ya fi karkata ga itatuwa da ciyayi da tsirran magani. Alhali tsaunin Mambila da na Obudu da tudun Jos wurare ne masu laima da hazo da laikin ke so, duwatsun da ke tsaye a dajin savana kuma suna da nasu nau'o'in masu jure ƙuna. Ɗibarsa ba ta da tsada: wuƙa, kurfi da guduma, takarda, da wayar da za ta ba da lambar wuri. Ba ya buƙatar matsewa, iskar hunturu ma ta isa ta busar da shi.

Sai dai a kula da kuskure ɗaya da nake tsoron ɗalibai su faɗa. Ma'aunin Hawksworth da Rose na Ingila ne, ƙasa mai ruwa kusan duk shekara. In ka ɗauko shi ka dafa a jikin dalbejiya a Katsina ka ga babu laikin, ba ka tabbatar da gurɓatar iska ba. Rani na wata bakwai, ƙurar hunturu, da gobarar daji duk suna hana shi zama. Pat Wolseley da Begoña Aguirre-Hudson sun nuna a arewacin Tailan a shekarun 1990 cewa a dazuzzukan da ke da rani da damina, yawan cin wuta yana sauya nau'o'in da ke jikin itace gaba ɗaya. Kowane yanki sai ya gina nasa ma'aunin, da nasa nau'o'in, a kan nasa itatuwan.

Gina shi kuma yana farawa da sanin sunan abin da aka ɗebo, sanin sunan yana buƙatar a gwada da samfuran asali da ke Helsinki da Landan da Janeba. Hoton intanet zai kai ɗalibi rabin hanya. Sauran rabin sai an aiko da ambulan ɗin aro, ko an aika nasa can. Manyan ma'adanai kuwa ba sa ba mutum ɗaya aro. Ma'adana suke ba wa, wadda ke cikin rajista, mai kabad da ke rufuwa da jami'in da zai sa hannu ya karɓa ya kuma mayar. Sashen jami'ar da ya bar tasa ma'adanar ta mutu, ko bai taɓa yi mata rajista ba, ya rufe wa ɗalibansa wannan ƙofa.